Wankin Ciwo da Karan Dawa

A shekararmu ta biyu a makarantar koyon jinya aka tura mu, mu uku, wani ƙaramin asibiti a ƙasar Anka, wai mu koyi aiki da hannu. Gardama muka fi koya.

Wata ranar kasuwa aka kawo mana wani dattijo mai tuyar masa, tafasasshen mai ya zubo masa a hannun dama. Ɗan daudu ne, kuma duk garin ana cewa maza yake so. Babban jami'inmu ya tafi Sakkwato karɓo magani, asibiti ya zama namu.

Babban cikinmu ya taɓa zama gaban wani malami wata biyu, don haka shi ne muftinmu. Ya ce taɓa irin wannan mutum yana karya alwala. Na biyu ya ce a'a, alwala tana nan, ladan sallar kwana arba'in ne ke zubewa. Ni da nake ganin na fi su wayewa, sai na kawo sulhu: a ɗaura auduga a bakin karan dawa, a wanke ciwon daga nesa.

Haka muka yi kwana huɗu. Ina riƙe da kara kamar mai kaɗo mangwaro, ɗaya yana tsaye kan benci yana tsiyayo ruwan magani daga buta, mufti yana gefe yana neman mana tsari. Dattijon kuma yana bin karan da hannunsa don ya sauƙaƙa mini. "Ɗana, yi dama kaɗan, nan ad da ƙaiƙayi."

Rana ta biyar limamin unguwarsu ya zo dubiya, ya iske mu a haka, muka faɗa masa dalilinmu. Ya zauna bakin gado, ya kama hannun, ya sunsuna, ya ɗago kai.

"A wane littahi kunka ga wanga hukunci?"

Muka dubi mufti, mufti ya dubi buta.

"Ko da ta karye, alwala dai ana sake ta," in ji liman. "To, hannu hwa?"

Ashe kara ba ya shiga tsakanin yatsu, kuma can ciwon ya ruɓe. Da jami'inmu ya dawo, sai da ya yanke yatsu biyu. Ni na riƙe masa hannun ana yankan, kuma kunyar da na ji ranar har yau ba ta sake ni ba.

Ranar da aka sallame shi na ɓuya a ɗakin magani, amma sai da ya nemo ni.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana, ka yi ƙoƙari," in ji shi. "Inda ni hwara zuwa, ko karan ba su ɗauka ba."