Laburaren Kyamara

Farkon dawowar mulkin farar hula, lokacin da ko'ina a Abuja gini ake yi, na samu aiki a sashen kwamfuta na wata hukuma. Aikin farko da oga ya ɗora mini shi ne in rubuta manhajar da za ta riƙa ɗaukar hoton ma'aikata don yin katin shaida.

Kyamarar da aka sayo ta zo da faifai, a ciki akwai laburare, wato tarin umarni da masu kyamarar suka riga suka rubuta. Ba a ganin cikinsa, sai dai a yi amfani da shi. A ciki akwai abin da muke kira kilas, wanda daga shi ake ƙirƙirar objek, shi kuma objek ɗin ne ke magana da kyamara. Na haɗa komai, na gwada da fuskata, hoto ya fito tsaf.

Ranar da aka fara, layi ya kai har bakin matakala. Kafin azahar kwamfuta ta sandare. Muka kashe muka kunna, ta ɗan yi aiki, ta sake sandarewa. Mutane suka fara tsaki.

Oga ya leƙo ya ce, "Malam, ko mu kira 'yan kwangila ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar mini shi zuwa ƙarshen mako."

Muna ofis ɗaya da wata mata 'yar Filato, ta girme ni, kowa Anti yake ce mata. Ta jawo kujera ta zauna gaban kyamarar ta ce, "Ɗauka ni, ɗauka ni har kwamfutar ta mutu, mu ga inda ta mutu." Haka na yi ta ɗaukarta, tana murmushi, tana ɓata rai, tana cin gyaɗa, ni kuma idona na kan ma'aunin ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk hoto ɗaya sai ya ɗan hau, kuma ba ya sauka.

Nan na gane. Kowane hoto sabon objek nake ƙirƙira, tsofaffin kuwa suna nan riƙe da wurinsu a ƙwaƙwalwar har ta cika, don laburaren ba ya sallamarsu da kansa. Na koma bayanin da ke cikin faifan, da Turancinsa mai wuyar haɗiya, na bi shi layi-layi har na samo umarnin rufewa. Na sake tsarin: objek ɗaya tun safe, shi zai yi aikin yini, a rufe shi in an tashi.

Da aka dawo ranar Litinin, an ɗauki kowa har direbobi, kwamfuta ba ta ko yi tari ba. Oga ya karɓi katinsa, ya juya shi, ya ce hularsa ta karkace, a sake ɗauka.