Jajayen Shanun Balki

Maikano makiyayi ne, rugarsa na gabas da Dogon Kiriya. Tun ina saurayi shanunsa ke kwana a gonata bayan girbi, su ci kara su bar mini taki, ni kuma in ba shi hatsi. Sunana Sha'ibu, amma shi "Kaɗo" yake ce mini, ni in ce masa "Bahillace", kuma ba mu taɓa yin faɗan da ya kwana ba.

Mutum ne da garke ke zaune a cikin kansa. Tsagar kunnen shanun gidansu iri ɗaya ce, ni in na duba ba na ganin komai sai ƙahonni, shi kuwa zai nuna maka karsana ya gaya maka uwarta da kakarta, da wanda ya mallake ta. Akwai nasa, akwai na amana da mutanen gari suka ba shi kiwo, akwai na 'ya'yansa biyu. Babbar ita ce Balki, 'yar fari. Ranar sunanta ya ba ta wata jar karsana, yadda suke yi, duk abin da ta haifa na yarinyar ne. Karsanar nan ta yi albarka ƙwarai. Balki ta yi aure can arewa, ta daɗe, sai da mijinta ya rasu ta dawo da marayu, ba ta san ko ɗaya daga cikin jikokin saniyarta ba. Ƙanenta Luƙman kuwa tuni ya bar sanda, yana kabu-kabu a Dogon Dutsi, kuma kowa ya san mota yake so.

Abin ya fara a hankali. Wata rana Maikano ya kai shanu rijiya, ya shayar da su, ya tsaya riƙe da guga yana kallon hanya. Ni na same shi a haka. Ya ce, "Kaɗo, ta ina ake komawa gida?" Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Da na dubi idonsa sai na ga ba wasa yake ba. Matan ruga suka ce iska ce, doguwa ta shafe shi a gindin tsamiya. Shi ya girgiza kai. Ya ce haka aka fara da babansa, wanda ya ƙare ɗaure da igiya a ƙafa don kada ya shiga daji.

"Abin nan yana tafe," in ji shi. "Gara in raba wa kowa nasa tun ina gane su."

Wallahi na ji daɗin maganar, don mutanenmu ba sa son zancen wasiyya, gani suke kamar kiran mutuwa ne. Ya aika aka kira Liman Dalhatu, da ni, da dattawan ruga, Luƙman ma ya zo a kan babur ɗinsa. Muka tsaya a garke da hantsi. Maikano ya shiga tsakanin shanu da sandarsa, kansa garau ranar. Wannan ta wane ce, amana. Wannan da ɗan maraƙinta na Luƙman ne. Waɗannan nawa ne. Ya ce idan hankalinsa ya gushe, Luƙman ne wakilinsa a kan dukiyarsa, ya ci da shi, ya yi masa magani. Liman yana maimaitawa, muna cewa mun shaida.

Sai ya zo kan jajayen, zuriyar karsanar Balki, suna can gefe sun haɗu da waɗansu. Balki na tsaye kusa da ƙwaryar nono a hannu. Maikano ya sunkuyar da kai, ya yi nuni da sanda sama-sama, ya ce, "Waɗancan kuma an san mai su."

To ga inda aka samu matsala. Bahillace ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya nuna yana ji da shi, balle a gaban mutane. Tun da aka haifi Balki bai taɓa furta sunanta ba. "Ke" yake ce mata, ko ya yi gyaran murya.

Na ce, "Maikano, faɗi suna. Ka taɓa kowace da sanda, ka faɗi suna."

Ya ce, "Haba Kaɗo, ba ka da kunya ne?" Dattawa suka fashe da dariya, har da Liman. Raina ya ɓaci, na ce masa yau ba ranar kunya ba ce, ya ce zai kira Liman shi kaɗai wata rana ya ƙarasa. Luƙman bai yi dariya ba. Yana tsaye jikin babur yana kallon jajayen.

Wata ranar ba ta zo ba. Damina ta faɗi, kowa ya shiga gona, kafin a yanke gero Maikano ya daina gane hanyar bayan gida. Balki ke wanke shi, ita ke ba shi fura a baki, ita ke bin sa idan ya fita neman shanun da suka mutu tun zamanin fari.

Sai Luƙman ya zo da dillali. Da Balki ta yi magana ya ce, "Adda, saniyarki ta mutu tuntuni. Baba ya ce an san mai su, to ai an sani, nasa ne, ni kuma wakilinsa ne. Ga tsohuwa guda ki riƙa tatsa." Ya ce kuɗin magani za a nema. Magani! Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kawo wa tsohon ba.

Balki ta same ni a gona. Ta ce, "Baba Sha'ibu, in shanun nan suka tafi, da me zan riƙe yaran nan?" Na ajiye lauje na tafi wurin Liman. Na rantse masa Maikano ya sha gaya mini jajayen na ɗiyarsa ne. Ya ce ya yarda da ni, amma waɗanne daga ciki? Ba kowace ja ce ta fito daga karsanar ba. Ni kuwa ban sani ba. Ya ce a fito da tsohon a gwada, ko Allah zai sa a dace da sa'ar da kansa ya washe.

Aka fito da shi garke, Balki na riƙe da hannunsa. Ya dubi shanu, ya dube ta, fuskarsa ta saki. Ya ɗaga murya, "Balki! Balki, ɗiyata! Ga shanunki nan, duk naki ne!" Ya kama wuyan wata ja, ya kama na wata. Murna ta kama ni. Sai ya juya wurin Liman ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran rijiya, ya ce a kira masa innarsa, rana ta yi ba ta dawo daga tallar nono ba.

Luƙman ya ce a hankali, "Kun ji ko? Da Baba na cikin hankalinsa, zai kira sunanta?"

Dattawan sun san gaskiya ya faɗa. Liman ya share fuska, ya ce ba a karɓar magana daga wanda hankalinsa ya gushe. Balki ta durƙusa a cikin kashin shanu tana kuka, tsohon yana shafa kanta yana ta kiran sunan, ya ƙi dainawa. Na ji kamar in shaƙe yaron nan, kuma har yanzu ina ji.

Na je wurin maigari, ya ce zai duba bayan kasuwa. Jiya da na bi ta rugar na tarar an shafa wa jajayen shuɗin fenti a gadon baya, alamar dillali. Balki ta tatse su da safen nan. Gobe motar dillali za ta zo ɗibar su.