Ƙwan kirinjijiya a hular direba

Jama'a, yau da idona na ga an yi wa tsuntsuwa fashi a tafkin Jabi.

Na fita zagayen tafki da safe, sai na ji wani fito da rabona da shi tun fadamar garinmu. Kirinjijiya ce, agwagwar dajin nan! Maman Blessing mai gasa masara ta ce bana suka dawo, har ɗaya ta yi ƙwai a cikin ciyawa. Ita ke korar mata karnuka.

Muna tsaye sai ga wani Alhaji ya sauko daga jibgegiyar mota. Ya leƙa ciyawar, ya ce wa direbansa, "Kwaso min su. Kazata za ta kwanta a kai ta ƙyanƙyashe su, su yi min ado a gida."

Na ce, "Haba Alhaji, ga uwarsu can tana kallo."

Ya ce, "Hajiya, ke kika saka ƙwan?"

Maman Blessing ta ce, "Oga, ka ji tsoron Allah. Da ƙyar suka dawo wurin nan."

Ko kallonta bai yi ba. Direba ya naɗe wando, ya kwashe ƙwan tas a hularsa, suka ja mota.

Sai da na gama zagayena na dawo ta wurin. Uwar ta koma ta kwanta a kan sheƙar, ba komai a ƙarƙashinta.