Matar da Ta Ƙi Yi wa Kelvin Ƙarya a Kati

Duk ranar Litinin ta lokacin sanyi, kafin mai gidan burodi ya ɗaga ƙofarsa, Noelene Mibus ta riga ta shiga maɗaba'ar garinmu Wirrabin ta ƙofar baya. Ba ta cire rigar sanyi sai ta ɗora ruwan shayi. Daga nan ta kunna fitilar teburinta, ta jawo gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyanta da igiyar takalmi, ta baje hotunan wasan ƙwallon da aka buga ranar Asabar, irin tamu da ake cafkewa da hannu a buga da ƙafa. Haka take yi shekara talatin da ɗoriya. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki domin idon ya gaji, kuma ban ji kulob ɗinmu na shirin ko da walimar shayi ba. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da rubutu ba sana'ata ba ce.

Ba ita ke ɗaukar hoto ba, ba ta taɓa buga ƙwallo ba, sunanta ma ba ya bayan kati. Zaɓe kawai take yi. Kowace shekara kulob-kulob na yankin nan sukan buga katunan 'yan wasansu, a sayar a fakiti a kantin fili, kusa da inda ake sayar da mitfai, wato gashin fulawa mai nama a ciki. Manoman alkama masu furfura suna da kundi cike da su, kuma in an gama girbi suka haɗu a zauren gari don musaya, za ka ji gardama kamar a kan iyakar gona: wane kati ne hasken ya zauna, wane ne aka ɗauka a makare, ƙwallo ta riga ta wuce. Duk hoton da suke wa wannan gardama, Noelene ce ta ware shi daga cikin ɗaruruwa.

Mai ɗauko mata hotunan shi ne Merv Petschel, kuma bai taɓa jin daɗinta da safiyar Litinin ba.

"Merv, wannan fa? Gajimare ka ɗauko min ko ɗan wasa?"

"Ke dai duba da kyau, yana nan daga ƙasa."

"Na ga takalminsa. Takalmi zan buga wa uwarsa ta ajiye?"

"Noel, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, yatsuna sun ƙage. Ke kina mota da bargo."

"To ai shi ya sa idona yake da lafiya. Kawo na gaba."

Ƙa'idarta ba ta da yawa, amma ba ta lanƙwasuwa. Idon ɗan wasa ya kasance a kan ƙwallo, ba a kan Merv ba. Laka ba aibu ba ce. Sannan abin da ya bambanta ta da kowa: kafin ta dubi wanda ya yi tsalle, sai ta dubi wanda aka taka. Wata shekara ɗan gabanmu ya haye kafaɗar wani ɗan baya na garin maƙwabta, gwiwa a wuyan mutum, ya cafke ƙwallo can sama. Merv ya shigo yana rawar jiki, ya ce hoton rayuwarsa ne. Noelene ta ɗora gilashi, ta ga na ƙasan baki a wangale, fuska a murɗe kamar an matse tsumma. Ta ture shi gefe, ta bi sauran har ta samo wanda aka ɗauka daƙiƙa guda bayansa, inda mutumin ya juya kai, lambar bayansa kawai ake gani. Tsallen ya ɗan sauka, bai kai na farko ban mamaki ba. Merv ya yi ta kumfar baki. Ta ce, "Wanda aka taka ma yana da 'ya'ya, kuma su ma suna sayen fakitin nan." Merv da bakinsa ya ba ni labarin, har yau da ɗan haushi a muryarsa.

Ke ce mai duba na ƙasa, Noelene. Mutane da yawa a yankin nan kin rufa musu asiri, ba su ma sani ba.

To, ga inda abin ya ɓaci.

Kelvin Nuske direban motar ɗaukar tumaki ne. Shekara kusan ashirin yana buga wa kulob ɗinmu, kusan duk a ƙungiya ta biyu, wadda ke wasa tun mutane ba su gama faka motoci a bakin fili ba. Ɗan baya ne na asali. Aikinsa ya biyo ɗan gaba ta baya, ya miƙa dunƙulen hannu ya doke ƙwallo kafin wancan ya cafke. Bai cika riƙe ta ba. Ana masa tsiya cewa bai san nauyinta ba. 'Yan ƙungiya ta biyu ba a yi musu kati, sai dai wanda ya daɗe yana hidima, shi ma sau ɗaya, a shekarar da zai yi sallama. Ke nan kati ɗaya tak Kelvin zai samu a duniya, kuma ya daɗe yana jiransa. Matarsa Raelene ta ce tun farkon kakar ya sayo firam ya ajiye.

Merv ya bi shi kakar nan gaba ɗaya. Abin da ya samo kusan iri ɗaya ne: dunƙule, rabin fuska a bayan kan wani, ƙwallo na tashi gefe.

Sai wasansa na ƙarshe ya zo. Kun san al'adarmu: ɗan bayan da zai yi ritaya, a zangon ƙarshe koci kan tura shi gaba, abokai su yi ta nemansa da ƙwallo har ya ci guda. Aka tura Kelvin. Ɗan bayan abokan hamayya ya gane abin da ake ciki, ya sassauta gudu. Ƙwallo ta sauka a ƙirjin Kelvin, ya ja baya, ya buga ta tsakanin dogayen sanduna, ya ci. Motocin da suka kewaye fili suka ɗauki ham gaba ɗaya, har na baƙi. Merv kuwa ya same shi daidai: rana a fuska, ƙwallo a hannu biyu, murmushi har kunne.

Ranar Litinin shugaban kulob, Rodney Heard, ya shigo maɗaba'a don ya ga hoton kafin kowa. Ya tarar da hotuna biyu a teburin. Na biyun daga wani wasan watan Yuli ne da aka sha ruwa: Kelvin duk laka, ya miƙe ta saman kafaɗar wanda ya fi shi tsawo, dunƙulensa na kan ƙwallo, ido ɗaya kawai ake gani, shi ma a kafe yake a kanta.

"Me wannan yake yi a nan?" in ji Rodney.

"Shi za a buga."

"Haba Noel! Ga mutum yana dariya, ga ƙwallo, ga rana kamar an saya. Sai ki ɗauki wanda ko matarsa sai ta duba lamba?"

"Wancan bikin sallama ne, Rodney, ba wasa ba ne. Dubi ɗan bayan nan, hannu a ƙugu yake. Bar masa aka yi. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa bar wa Kel komai, da ƙarfinsa ya hana mutane ci. In na buga wancan, na shafe ashirin ɗin ke nan."

"Kati ɗaya zai samu, 'yar uwa. Ki ba shi mai kyau mana."

"Mai kyan na ba shi."

Ta daɗe tana juya hotunan bayan fitar Rodney. Tana son Kelvin. Ta san shi tun yana ɗan makaranta. A ranta gani take babu girmamawar da ta kai a nuna mutum yana aikin da ya iya. Zaɓin kuma nata ne, haka yarjejeniyarta da kulob take tun farko. Ta tura na lakar aka buga.

A walimar rufe kaka aka miƙa wa Kelvin katinsa a gaban jama'a. Ya duba, ya juya bayansa, ya sake dubawa. Ya ce, "Na gode," ya sa a aljihu, ya fita kafin a yanka kek. Washegari Raelene ta je maɗaba'a, ko zama ba ta yi ba. "Jikokinsa za su tambaye ni ina fuskar kakansu. Me zan ce musu, Noelene?"

Shekarar da ta biyo baya kulob ya karɓe aikin daga hannunta, ya ba wani kamfani na birni. Ba wanda ya zo ya faɗa mata. A takardar labaran kulob ta gani. Yanzu dubi katunanmu: a jera samari a jikin bango, kowa ya naɗe hannu a ƙirji yana zare ido, riga fes kamar za a je coci, a liƙa ƙyalƙyali a baya. Ba za ka bambanta wanda ke shiga tsakiyar turmutsutsu da wanda ke ɗumama benci ba. Sauran kulob-kulob na yankin sun ci gaba da kawo mata nasu. Garinta ne kaɗai ya juya mata baya, a kan hoto guda, bayan duk waɗanda ta zaɓa daidai. Wannan abin kunya ne, kuma ba zan saya masa suna mai daɗi ba.

Masu tara kati kuwa, na Kelvin suke nema yanzu. Daga nesa ake bugo waya ana tambayarsa. Amma yabon baƙo bai gyara komai a gida ba. Shekaru ke nan Kelvin in ya hango ta a titi sai ya tsallaka ɗaya gefen.

Makon jiya na same shi a kasuwar tumaki yana wanke mota. Na tambaye shi kai tsaye, don ni ba na kewaye.

Ya kashe ruwan, ya ce, "Dattijo, ni ne a katin nan. Ba musu. Duk wanda ya taɓa buga wasa da ni ya san ni ne. Ita ta fi kowa gani na, shi ne ma abin da ya fi ciwo." Ya goge hannu a wando. "Amma fa na san kaina, ba sai an tuna min ba. Rana ɗaya aka ba ni na zama wani. Da ta bar min ita."

Na kai wa Noelene maganar kamar yadda aka faɗa. Tana zaune a teburinta tana tattara kaya a kwali. Da na shigo sai ta karkata kai gefe kafin ta gane ni. Ta ce tsakiyar ganin ne ya tafi, abin da ke gabanta hazo ne, sai abin da ke gefe take kamawa. Ta ture kwalin gefe.

"Ko yau aka baje min su, na lakar zan ɗauka," ta ce. "Ba a nan na kuskure ba. Gidansa ba nisa. Da na ɗauki biyun na je na zauna da shi, na ce Kel, ga abin da na gani. Wataƙila ya yarda, wataƙila ya ƙi. Na duba na ƙasa a katin kowa, na manta shi ma yana da zuciya. Ga shi yanzu ko ya zo ba zan iya nuna masa abin da nake nufi ba, don ni ma na daina ganinsa."



Noelene, mun gode. Ke ce kika sa 'ya'yan manoma da masu askin tumaki suka ga kansu a kati kamar mutanen da suka isa, ba tare da kin ƙara musu abin da ba nasu ba. Kin yi aiki da gaskiya a wurin da ba mai duba ki, kin kuma biya kuɗin gaskiyar ba ki yi ƙorafi ba. Ku matasa masu ɗaukar hoto ɗari a waya kafin ku dubi ɗaya, ku je ku koya tun tana iya ba ku amsa. Ku ɗauki kaifin idonta, ku haɗa da abin da ta ce ta rasa: in gaskiyarku ta shafi mutum, ku kai masa ita da ƙafarku kafin duniya ta gani.

Kai kuma Kelvin, ban ce ka yarda da zaɓinta ba, ciwonka naka ne. Amma ranar Juma'ar ƙarshen wata za ta kulle ƙofar nan, kuma ba ta da sauran lokaci mai yawa na gane fuskar mutum. In ka je, kada ka tsaya a gabanta, ba za ta gan ka ba. Jawo kujera ka zauna a gefenta.