Barkono a Idon 'Yar Riƙo

Ina karatu a Manchester na shiga aikin sa-kai na tsaya wa yaran da aka zalunta. Ni ba lauya ba ce. Nawa kawai in zauna da yaro, in ji abin da yake so, in isar wa masu yanke hukunci. Saboda ina jin Hausa aka haɗa ni da wata yarinya da gwaggonta ta ɗauko riƙo daga Kumasi. Gwaggon ta mai da ita baiwa a unguwar Longsight, in ta yi laifi a murza mata barkono a ido. Malamar ajinsu ce ta gano, aka fitar da ita daga gidan. Kotu za ta yanke ko a mayar da ita gidan.

Ana gab da zaman kotun sai ga matan unguwar gwaggon a ɗakina na unguwar Hulme, har da kular shinkafa da wake. Babbarsu ta gyara mayafi.

"'Yar nan, ki rufa mana asiri. Ki ce wa social worker, jami'ar kula da yaran nan, horo ne irin na gida. Wa ba a yi wa ba? In 'yan council, hukumar garin nan, suka ɗauke ta, wa zai koya mata salla?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Hajiya, jikokinki da aka haifa a nan, wanne kika taɓa sa wa barkono? Su kun san za su kira police. Sai wadda ba ta da kowa."

Ta miƙe, ta ɗauki kularta.

Na isar da abin da yarinyar ta faɗa mini: ba ta son komawa. Aka ba da ita ga wani iyali a Birmingham. Daga nan na zama mujiya. A masallaci in na tsaya sai sahu ya dare, a shagon nama a bi ni da "'yar rahoton Turawa". Masu salla ke nan, kuma har yau ina jin haushinsu.

Da na je duba ta a Birmingham, ta yi ƙiba, idonta ya washe. Na ce, "'Yata, kina lafiya?"

Ta haɗe rai, ta amsa da Turanci. Ta ce kar in ƙara yi mata wannan yaren, da shi ake zaginta.

Na haɗiye sauran gaisuwar. Da Turanci muka ƙarasa hirar.