Zinariyar da Ta Huce da Wuri

Namgung Seon-ok 'yar maƙerin zinariya ce daga Iksan, kuma abin da ta gada wurin ubanta shi ne haƙuri da riƙo. Da ta girma ta shiga ɗakin bincike, inda ake shafa zinariya siririya a kan gilashi, a harbe ta da hasken lesa, a auna yadda ƙwayoyin lantarkin cikinta ke ɗaukar zafi su huce tun ido bai ƙifta ba.

Ƙuruciyarta duk ta ƙare wajen saita madubai a ƙarƙashin Pyo Dong-chul, wanda ya riga ta zuwa ɗakin. Ba ta son komai a duniya kamar ta ga sunanta a kan aikin. Da aka buga shi, sai ga sunan Pyo shi kaɗai.

"Yaya, ina nawa sunan?"

"Ke da kika goge madubi? Har mai shara ma sai ta ce a sa ta!"

Ta haɗiye fushinta. Amma daga ranar ta tsane shi har cikin ranta.

Zinariya ba ta kama gilashi sosai, shi ya sa akan fara shimfiɗa wani ƙarfe, kuromiyam, a ƙarƙashinta. Shi kuwa zuƙe zafin yake yi, sai a zaci zinariyar ce ta huce da wuri. Wata rana Pyo ya ɗauki irin wannan gilashin bai sani ba, ya auna, ya hau murna wai ya gano sabon abu. Seon-ok ta hango duhun ƙarfen ta bayan gilashin.

"Ya kika gani?" in ji shi.

"Ni wa, Yaya? Ai kai ne babba."

Ita ce ma ta riƙe masa jaka zuwa taron masana a Daejeon. Yana gama cika baki, wani tsoho ya ɗaga hannu: "Malam, ka taɓa juya gilashin nan ka duba bayansa?" Aka janye aikin, aka ƙwace ɗakin binciken daga hannunsa. Daɗi ya kashe ta, ko ɓoyewa ba ta yi ba.

Yanzu ta yi furfura, tana da ɗakinta. Bara Pyo ya zo roƙon ta ara masa lesarta. Ta bar shi a tsaye har ya gama magana, sannan ta zuba masa shayin sha'ir da hannu ɗaya, yadda ake zuba wa yaro. Shi kuwa da hannu biyu ya karɓa, yadda ƙarami ke karɓa daga babba.