Shasin da Aka Ce Ya Tsage

Da na bar soja na dawo Zuru, abin da na fara saye a-kori-kura ce, tsohuwa, fara, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta. A yadda take ba ta iya hanyar Ribah. Ni da abokina mai walda muka mayar da ita mota.

Da shi muka yi golmo muna samari, shekara bakwai muna noma gonakin surukai kafin a ba mu mata. Ranar da fartanya ta sare mini ƙafa, shi ya goya ni har gida. Saboda haka in ya yi magana ba na neman shaida.

Ya ƙara mata sifirin huɗu a kowane gefe, ta ɗaga sama. Ya ƙera mata keji na ƙarfe a baya, da ɗan tsani don mata su riƙa hawa. Ya karkato da salansa, bututun hayaƙi, sama ta gefen kai, kada ruwan rafi ya shiga. Ba ta da kyau ko kaɗan. Amma da damina, in motoci sun yi cirko-cirko a bakin rafi, ni nake ƙetarewa. Mutanen ƙauyukan kan dutse sun san kukanta. Kafin in iso sun fito da buhunan dawa bakin hanya. Shekara goma sha ɗaya muna haka.

Wata safiya na kai ta garejinsa saboda wata ƙara da nake ji in na taka burki. Ya shimfiɗa kwali, ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe. Da ya fito ya ce shasi, ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ya tsage a bayan giya, wurin da walda ba ta kamawa. Ya ce wata rana za ta rabe biyu a kan gangara da lodi a kanta.

"Kofur, rabu da ita tun ba ta kashe maka mutane ba."

Kwalin yana nan a shimfiɗe, taku biyu daga ƙafata. Ban shiga na duba ba.

Mako biyu ina juya maganar. Na ga gawa a soja har ta ishe ni, ba na son ƙari. Na ajiye motar a ƙofar gida, na daina fita. Abokin nawa ne ya kawo mai saye, wani dillali, ya ce yanka ta za a yi a sayar da ƙarfen. Kuɗin ƙarfe na karɓa. Na sayar da shanuna biyu na haɗa, na sayo wata motar 'yar Kwatano. Ta fi tsohuwar, wannan ba gardama. Injin lafiya, tayoyi huɗu duka suna ja, ƙofa tana rufuwa. Ranar da aka zo jan tsohuwar na shige ɗaki, ban tsaya kallo ba.

Bayan wata uku ina sauke kaya a kasuwar Mahuta, sai na ji kukanta. An yi mata shuɗin fenti, an sake lamba, amma keji da tsani suna nan. Lodi ya yi mata tozo. Mai tuƙin mijin babbar 'yar abokina ne. Da ya gan ni ya sauko yana gaisuwa, idonsa a ƙasa. Na wuce shi na nufi motar. Na tuɓe riga, na kwanta a cikin ƙasa mutane suna kallo, na ja jiki na shiga. Na bi ƙarfen nan da hannu daga gaba har baya, gefe biyu. Babu tsaga. Babu sabuwar walda. Wadda ke wurin tsohuwa ce, ina riƙe da ƙarfen aka yi ta.

Washegari na je gareji. Yana aiki, bai cire baƙin tabaraunsa ba. Na gaya masa abin da na gani. Bai musa ba. Ya ce surukin nasa shekara biyu ba aikin yi, 'yarsa da yara huɗu kullum a gidansa suke cin tuwo. Ya ce ni kuwa na samu wadda ta fi ta, me na rasa.

Na ce, "Da ka roƙa, da na ba ka."

Ya ɗaga tabarau ya dube ni. "Ƙarya kake, Kofur. Ko matarka ba ka bari ta wanke ta."

Na yi ta tunanin wannan a hanya. Wataƙila gaskiya ya faɗa, da ban ba shi ba. Amma da na ce a'a a gabansa, ya zage ni, mu yi wata guda ba ma magana, mu shirya. Abin da ya yi shi ne ya nemo abin da ya san ina tsoro, ya yi aiki da shi.

Dattawan coci sun zaunar da mu sau biyu. Ya ba da haƙuri, na ce na ji. Suka ce mu yi musabaha, muka yi.

Bayan girbi aka sa bikin ƙaramar 'yarsa. Ya aiko matarsa wai in taimaka da ɗaukar kujeru daga coci. Yarinyar ba ta yi mini komai ba. Na yi sawu uku, na sauke su, na jera su a ƙarƙashin rumfa. Ya fito da kansa ya ce in zauna a kawo abinci, an ware mini wuri kusa da shi. Na ce ina da lodi a Wasagu. Ba ni da lodin komai. Na tayar da mota na tafi gida.